Hoton Gidanmu Daga Sama

A shekarar da muka baro ƙauyenmu na wajen Tabanni muka tare a Birnin Gwari, Baba ya ƙi biyo mu. Ya ce shi ba zai bar dawarsa a gona ba saboda 'yan daji. Daga baya waya ta daina shiga, shiru kake ji. Inna kuwa kullum maganarta ɗaya, za ta bi motar kasuwa ta je ta dubo mijinta.

Lokacin ina ɗan taɓa aikin kwamfuta wa wata ƙungiyar agaji. Sukan turo min hotunan ƙauyuka da aka ɗauka daga sama, wasu ma'aikata sun riga sun zagaye kowane abu da akwati sun sa masa suna: ɗaki, rumbu, rijiya, ƙonannen gida. Ni nawa in rubuta ɗan umarnin da muke kira kolbak. Manhaja ce ke bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta iso sai ta kira umarnina ta miƙa masa, shi kuma ya rubuta sunan ya ce ta ci gaba. Ba ya sanin abin da ke tafe sai an miƙo masa. Wallahi aikin gundura ne, har gyangyaɗi nake yi a kansa.

Ranar da hotunan yankinmu suka zo, bakina bai yi shiru ba, na faɗa wa Inna. Ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni.

"To, ɗan boko, nuna min gidana," in ji ta.

Na gyara umarnin ya riƙa fito da abin da ke cikin shingenmu kaɗai. Tunda ba ta karatun boko, ni nake karanta mata.

"Ɗaki, da rufinsa. Rumbu. Wani rumbun."

"Alhamdulillahi. Ba su ƙona ba."

"Murhu, da hayaƙi."

Ta dafa kafaɗata. "Ka ji ko? Yana nan, har girki yake yi, tsohon rigima."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai layi na gaba ya fito.

"Babur," na ce.

Wani ya sake fitowa, babur. Na bayansa ma haka. Sunan ya yi ta sauka a allo, na daina karantawa. Na buɗe hoton kansa, ga su nan jere a gindin mangwaronmu, har bakin ɗakin Inna. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san masu ajiye babura haka a ƙauyen da mutanensa suka watse.

Inna ta matso da fuskarta dab da allon, ta daɗe tana kallo. Hannunta ya sauka daga kafaɗata.

"Ubanka ko keke bai iya hawa ba," ta ce a hankali. "Kashe abin nan."