Ƙanƙarar Tsamiyar da Kakana Ya Jira

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce tsohuwa ta rasa abin faɗa. Amma shekaranjiya na jiƙa tsamiya, ƙanshinta ya hana ni sukuni, shi ne na zauna rubutun nan.

Ina yarinya, zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa, mahaifinmu, ma'aikacin gwamnati a Kazaure, ya sayo firji mai aiki da kananzir. A bazarar shekarar aka kawo kakanmu jinya daga rugarsa ta wajen Gwiwa. Abinci ba ya wuce masa. Wata rana innarmu ta ba shi ƙanƙarar tsamiya, irin wadda take ƙullawa a leda. Ya tsotse ta tas, ya lumshe ido.

"Amarya," ya ce mini, don haka yake tsokanata, "gobe ta hannunki nake so. In ba ki iya ba, in sake ki in auri firjin."

Na jiƙa tsamiya, na tace. Don ina so tawa ta fi ta kowa, na ninka sukarin da innarmu take sawa har sau uku, na ƙara da zumar da ya zo da ita a gora. Na ƙulla, na jera kusa da ƙullin ruwan sha.

Washegari ruwan ya zama dutse. Tawa kuwa kauri kawai ta yi, in na latsa sai ta lotsa. Innarmu ta ce, "Kai masa haka nan mana, ai ta yi sanyi." Na ƙi. Ƙanƙara ya ce, ni kuma tun ina ƙarama ban iya kai wa mutum abin da bai kammala ba. Na gyara lagwani, na ƙara kananzir, na hana ƙannena buɗe firjin. Innarmu ta kai masa tata, ya ce ya gode, ta amarya yake jira.

A kwana na biyu na wuce ta bakin ɗakinsa, ya ce, "Amarya, ko sai na ƙaro sadaki?"

Na durƙusa na ce, "Kaka, gobe in Allah ya yarda."

Goben, kafin in dawo daga makaranta, kawunmu ya zo ya mayar da shi ruga, don Kaka ya matsa sai ya ga shanunsa. Bai ga damina ba.

Yanzu ƙanƙara ta zama ba komai ba, kowane lungu ana sayarwa, yara ma a ƙasa suke yar da sauranta. Jikata mai karatun sakandare ta ce mini duk abin da ya narke a ruwa, sukari ne ko gishiri, yana sa ruwan ya nemi sanyi mai tsanani kafin ya daskare, wai shi ya sa nunannen mangwaro ba ya saurin tauri kamar ɗanye. Na yarda da ita, amma ba ta taɓa ganin firjin kananzir ba.

Don haka nake roƙon masu karatu da suka san wannan fanni, ko suka taɓa aiki da irin firjin nan, su sanar da ni. Da na ƙara kwana biyu ko uku, za ta daskare? Ko tun sa'ad da na zuba zumar nan magana ta ƙare? Don Allah kada ku lallashe ni. So nake in sani ko jiran da na sa tsohon nan yana da ranar ƙarewa.