Ranar da Na Ƙi Taɓa Bayan Hajiya Ladidi

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku Maɗori, kuma har yau ban huce ba. Na san ba haka ake buɗe irin wannan rubutu ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma haushinsa nake ji, gara in faɗa.

Ɗori gadon gidanmu ne a Kano. Sarin kaya ne ya kawo Baba Guangzhou a China, ni kuma na biyo shi da na gama sakandare. Duk wanda ya ɗaga dila a kasuwar Shahe bayansa ya riƙe, ɗakinmu na Sanyuanli yake nufa. Baba ya shimfiɗa tabarma, ya shafa mai, ya bi ƙashin baya da babban yatsa gaɓa-gaɓa, yana tsokanar mutum wai taliyar Sinawa ce ta tsotse masa ƙarfi. Mata kuwa ni yake sa wa, yana daga bayan labule yana gaya mini inda zan danna. Dokar gidanmu ɗaya ce tun kakanni: maɗori ba ya mayar da mai ciwo. In ka kori wanda ya zo, hannun ya bar gidan.

Da nasa bayan ya fara, ya ce dila ce. Sai ya kwanta rub da ciki ya sa abokan kasuwa su taka masa, yadda ake sa yara a gida. Ciwon ba ya lafawa ko yana kwance. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Na ce mu je asibiti, na faɗa, na sake faɗa, har da rashin kunya. Ya ce in aka ji maɗori ya kai bayansa a duba, wa zai sake kwanciya a gabansa? Abokan suka goya masa baya, wai lawban, wato maigida da Sinanci, ya fi likita sani. Sai da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa aka kai shi. Hoto ya nuna ciwon daji ne ya ci ƙashin. Likitar ta sa tafinta ya tambaya ko an danna wurin. Waɗanda suka taka suna tsaye a ɗakin, kowa ya kalli ƙasa.

Yanzu ina da ƙawa, Rakiya, 'yar Maraɗi, tana karatun likita a nan. Ita ta nuna mini cewa a wasu ƙasashe akwai likitocin da ke gyaran jiki da hannu, ana kiran fannin ostiyofati, kuma bincike ake ta yi a kansa. Ta ce a binciken har wasu a yi musu dannan gaske, wasu a shafa su kawai ba su sani ba, don a ga ko hannun ne ke aiki ko yardar mai ciwo. Abin da ake samu bai kai yadda masu abin ke so ba: ciwon baya na gajiya yakan ɗan sassauta, wani lokacin ma bambancin ba yawa, sauran abubuwan da ake cewa yana warkarwa kuwa ba a tabbatar ba.

Da Baba na nan, na san farin ciki zai fara yi, ya zaga shagunan Tianxiu yana cewa masu farar riga sun dawo hanya. Batun shafar ƙarya kuwa zai ce raini ne. Inda ban san me zai ce ba shi ne wannan: su ana koya musu wanda ba za su taɓa ba. Mai rama ba dalili, mai zazzaɓi, mai ciwon da hutu ba ya rage shi, mai ƙafa tana mutuwa, asibiti tukuna. Mu an koya mana taɓa kowa.

Watan jiya Hajiya Ladidi ta zo, dillaliyar atamfa ce, tun ina ƙarama take saro kaya ta hannun Baba. Ta kwanta kan tabarma ba ta jira an ce ba. Na ga wuyanta ya zurma, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Na tambaya, ta ce tun kafin azumi ciwon ke hana ta barci. Na rufe kwalbar man, na ce ta tashi Rakiya ta raka mu a yi hoto. Ta ce kwana kaɗan ya rage mata, kwantena na jiranta, ba ta zo China don kwanciya a asibiti ba.

"'Yar nan, ubanki bai taɓa mayar da kowa ba."

"Hajiya, shi ya sa ba shi ne a gabanki ba yau."

Ta ɗaura mayafinta ta fita ba sallama. Labari ya riga ni zuwa Shahe, wai 'yar Malam Isiyaku ta yi boko ta zubar da gado. Mata sun ragu a ƙofata. Na ji wata ta danna mata bayan kafin ta hau jirgi.

To me ya rage na Baba? Yatsunsa suna nan a hannuna, na san gaɓar da ta riƙe tun kafin a nuna mini. Dokarsa ce na karya, kuma gobe ma zan karya. In hannun zai bar gidan saboda haka, ya bari. Kullum ina kiran 'yar Hajiya a Kano in tambaya ko an kai ta hoto. Jiya ta ce Hajiya ta hana a ɗauki wayata. Na ce to, ki ɗauka a ɓoye, gobe ma zan kira.