Inda Kaka Yake Sauka Daga Tsani

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba. Amma ranar da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannuna ba ta zana mana fuskar zauren gidanmu, wannan kam tana nan a raina har in koma ga Mahaliccina.

Gidanmu na gado a Tudun Wada yake. Kakanmu magini ne, shi ya yi wa fuskar zauren ado da hannunsa, irin zanen nan na ƙasa mai tudu da ke murɗewa yana shiga cikin juna. Ni ban taɓa ganinsa ba, domin tun kafin a haife ni ruwa ya cinye shi aka shafe wurin da siminti, hoto kuma babu. Da wata damina ta kayar da zauren gaba ɗaya, yayana ya ɗauko magini aka sake tayar da shi. Sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka, ta ce abu ɗaya take roƙo, a mayar mata da zanen babanta ta gan shi kafin ta bar duniya. Aka ba ta takarda ta gwada. Hannu na rawa, ido ya yi rauni, abin da ya fito ita kanta sai da ta yi dariya. Magini ya ce shi ba ya aiki da "kamar haka ne", kuma wani aiki na jiransa a Hanwa. In ya zo yaɓen ƙarshe bai ga zane ba, zai shafe ya wuce.

A nan ne Gwaggo ta ce, "Ai babanku ya zuba shi a kaset."

Muka kalli juna ni da Yaya, kowa na tunanin tsufa ne ya fara taɓa ta. Ashe gaskiyarta. Marigayi Baba malamin lissafi ne, kuma a samartakarsa ya mallaki kwamfutar zamanin da, wadda ake haɗawa da talabijin, ana ajiye aikinta a kaset irin na waƙa. Da ya ga zanen ya fara zaizayewa, sai ya zaunar da Kaka kusa da shi ya rubuta manhajar da ke zana shi. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, ɓeraye sun yi gadon cikinta. Kaset ɗin kuwa yana ƙasan adakar Gwaggo, a naɗe cikin ɗankwali. Ta ce ta taɓa kunnawa, ba ta ji komai ba sai ƙara kamar kukan gyare.

Ni nake koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, don haka Yaya ya juyo ya ce, "To, ke da kike cika mana baki kullum, ga fili." Na karɓa da ƙarfin gwiwa. Ina da wata 'yar kwamfuta tsirara, falle ɗaya ba murfi, wadda nake nuna wa ɗalibai. Akwai manhajar da ake saka mata ta riƙa kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, har aikin da aka rubuta tun kafin a haife ni ya ɗauka a gidansu yake. Na ce musu aikin yini guda ne. Bakina ya ja mini.

Tun a matakin farko aka fara. Yaya, don ya taimaka, ya kunna kaset a rakoda, ya kara wayarsa ya naɗa, ya turo mini a saƙon murya. Kwamfuta ta ƙi karɓa. Waya dai murya ta sani, duk abin da ta ji kamar hayaniya sai ta gyare shi, alhali hayaniyar ce manhajar. Na je da kaina na ja waya daga rakodar kai tsaye. Kwamfuta ta fara karɓa, ta kai rabi ta tofar. Na buɗe bakin rakodar, na riƙa juya 'yar ƙusar da ke riƙe da ƙarfen da ke karanta kaset a hankali, kunnena a jiki, har ƙarar ta fito tas. Sai kuma kwamfutar ta shiga mutuwa tana farfaɗowa, ashe cajar da nake ba ta wuta da ita ce ba ta da ƙarfi. Na ƙwace ta Yaya, a matsayin tarar saƙon murya.

Da layin farko ya bayyana a talabijin, fari a kan baƙi, yana tafiya a hankali yana lanƙwasa, tsikar jikina ta tashi. Sai ya tsaya cak. Can ya ci gaba, ya sake tsayawa. Da ya kai tsakiyar allo kuwa, ya tsaya bai ƙara motsi ba. Na jira iya haƙurina, wanda kowa a gidanmu ya san ba shi da yawa, na zare wayar wuta na sake kunnawa. Nan dai ya sake tsayawa.

Ba abin da ban zarga ba. Na ce zafi ne, na kafa mata fanka a gaba kamar amarya. Na ce katin ajiya ne, na sayo sabo. Na goge manhajar kwaikwayon na sake zubawa, na canza mata irin tsohuwar kwamfutar da take kwaikwaya, na sake naɗo kaset daga farko. Kullum a wuri guda take sandarewa, ni kuma kullum in zare waya. Na ji tsoro ƙwarai, domin na fara yarda cewa kaset ɗin ne ya lalace, rabin zanen ya tafi ke nan har abada.

Ranar da magini ya zo yaɓen ƙarshe, tun da hantsi ya kwaɓa ƙasa. Na ɗauki kayana na shiga ɗakin Gwaggo, niyyata in nuna mata rabin da ya samu in ba ta haƙuri. Ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi. Layi ya fara tafiya. Da ya yi tsayawar farko, na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji ta ce, "Nan yake sauka ya matsar da tsani."

Ban gane ba. Layi ya ci gaba, ya sake tsayawa. Ta ce, "Ya sake sauka. Yanzu ta hagu zai hau." Kafin ta rufe baki, layi ya ɓullo ta hagu. Sai na gane Kaka take nufi.

Da ya iso tsakiya ya yi tsayawar nan da ta hana ni sukuni, hannuna da ya riga ya saba ya nufi waya. Gwaggo ta buge shi.

"Ina za ki, 'yar nan?"

"Gwaggo, a nan take lalacewa."

"Ba abin da ya lalace. Azahar ya tafi. Ni na riƙe masa buta ranar. Ki bari ya dawo."

Na zauna. Ban taɓa jin jira mai nauyin wannan ba. Ana jiyo hon ɗin keke daga titi, Yaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, magini na bayansa da ƙasa a hannu. Muka jira kamar yadda ake jiran mutum ya yi alwala, ya yi salla, ya yi addu'a ba gaggawa. A raina ina cewa in bai motsa ba, da wane ido zan kalli tsohuwar nan.

Sai layin ya motsa. Ya gangaro, ya ratsa ta ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya hau, ya murɗa, ya je ya haɗe da inda ya faro. Zanen ya cika allo. Gwaggo ta ɗora tafinta a kan gilashin ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ni kuwa kuka na yi, ban ɓoye ba. Mutum biyu da ke kabari, ɗaya ya yi da ƙasa, ɗaya ya yi da lissafi, ga aikinsu yana motsi a gabanmu ta cikin abin da zan iya sakawa a jakata.

Daga baya na buɗe rubutun manhajar, abin da ya kamata in yi tun farko. Duk tsayawar nan babanmu ne ya rubuta ta da gangan. Bai ajiye siffar zanen kaɗai ba, har da yadda aka yi shi ya ajiye. A ranar kuwa, magini ya sa aka fito da talabijin tsakar gida, ya bi layin daki-daki, inda Kaka ya sauka shi ma ya sauka. Da aka kira azahar ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar ƙasar ta kama daidai yadda za ta ɗauki sauran.

Gwaggo ta yi damina biyu tana sa a fitar mata da tabarma gaban zauren kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ya tsaya ne ya lalace ba, kuma kafin in kai hannu gyara, in fara tambayar wanda ya san dalilin tsayawar. Har yau nakan kunna wa ɗalibaina zanen. In ya kai tsakiya suka fara cewa, "Malama, ta maƙale," sai in ce su zauna, kakana ne ya tafi salla, yanzu zai dawo.