Yadda Hanyar Kurfi ta Zama Tawa

Dutsin-Ma

Ana idar da sallar asuba muka tayar da mota daga ƙofar gidan Alhaji Ɗanjuma. Tanko, yaron motata, wanda a shekaru ma ya girme ni, ya sha juya handil kafin injin ya yi tari ya kama. Kakar gyaɗa ce, bodi ya cika maƙil da buhuna, fasinjoji sun ɗare a sama. Ranar ce ta farko da na riƙe sitiyari babu maigidana Malam Audu a gefena. Zamanin nan Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba, mota kuwa abar kallo ce, in ta ratsa ƙauye har tsofaffi sai sun leƙo.

Alhaji, mai motar, babban ɗan kasuwar gyaɗa ne. Da na samo lasin sai ya ba ni zaɓi. Ko in bi manyan direbobinsa duk inda kaya suka samu, yau Kano, gobe Zariya, jibi Jos, ko kuwa in riƙe hanya ɗaya tak, Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi, in tafi ranar kasuwar Kurfi in dawo washegari. Raina na kan na farkon, don ina son ganin duniya, kuma can albashi ya fi tsoka. Malam Audu ne ya hana ni gaggawa.

Ya ce, "Ilu, hannunka sabo ne. Tahi ka gwada wagga ta kusa tukuna. In ka dawo ka ba Alhaji amsa. Allah shi kiyaye hanya."

Bakin rafi

Muka bar dutsen garin a bayanmu, muka miƙa arewa. Hanyar ta En'e ce, leburori sun share ta bayan damina, amma ramuka na nan. Da hantsi muka iso wani rafi da ya ƙafe, babu gada, sai yashi fari fat. Na sa ƙaramar giya na shiga. Muna kai tsakiya tayoyin baya suka fara haƙa, mota ta zauna daram. Tanko ya haƙe, fasinjoji suka sauka suka tura, ko motsi.

Mutanen wani ɗan ƙauye da ke gaɓar rafin suka fito suka jeru suna kallonmu, ba wanda ya matso. Na hau wurinsu na durƙusa gaban wani dattijo mai farin gemu, aka ce mini shi ne mai unguwa. Na roƙi arziki.

Ya ce, "Yaro, bara mun tura wata irin wagga har gumi ya jiƙa mu. Tana hawa tudu ta take mana akuya, mai ita ko waiwaye bai yi ba. Ba mu san sunanshi ba, ba mu san garinsu ba. Kai ɗan wane ne?"

Na ce, "Ni ɗan Malam Sani ne na Wurma, Baba."

"Mai makarantar allo? To, kana da inda za a same ka ke nan. Za ka sake biyowa ta nan?"

"Gobe ma in Allah ya yarda, in na dawo daga Katsina."

Ya juya ya yi wa samari magana. Nan da nan aka sauke rabin buhunan, aka kwaso karan dawa da rassan geza aka shimfiɗa gaban tayoyi. Suna turawa suna waƙa, mota ta yi gurnani ta fita. Na ajiye ta can nesa da dabbobinsu, aka sake lodi, na koma na yi godiya.

Kurfi

Rana ta take muka shiga Kurfi, kasuwa ta cika. Na sauke masu sauka, muka sayi furar kwabo ni da Tanko muka zauna gindin tsamiya. Ban kai rabin ƙwarya ba na ji an ce, "Iliyasu!" Goggo Abu ce, ƙanwar mahaifina.

Ta ce, "Allah ya kawo ka. Taso ka ga Malam."

Tun ranar da na bar gaban allo na bi mota, mahaifina bai sake yi mini doguwar magana ba. In na je gaisuwa ya amsa, shi ke nan. Na same shi zaune a rumfar wani mai magani, ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma. Gyambo ne, ya ci har kusa da ƙashi. A kan jaki aka kawo shi daga Wurma. Mai maganin da kansa ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai dai asibitin Katsina.

Na durƙusa na ce, "Baba, ga mota. Yau ɗin nan sai mu kwana a Katsina."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ka kai ni ka yar, gobe a ce kana Ikko? Ku masu mota ba ku da gari. Da ciwon nan ya kashe ni, wa za a aika ya nemo ka?"

Goggo ta ce, "Haba Yaya, yanzu lokacin faɗa ne?"

Ni kuwa maganar ta shige ni, don ban ga ƙarya a cikinta ba. Na ce, "Baba, an ba ni hanyar nan in ina so. Duk ranar kasuwar Kurfi ina nan gindin tsamiyar can, in kwana Katsina, in dawo."

"Duk kasuwa?"

"Duk kasuwa, in da rai."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya miƙo hannu ya ce, "Kama ni." Ni da Tanko muka ɗaga shi muka sa a gidan gaba, Goggo ta zauna kusa da shi riƙe da buta da ƙunshin kayansa.

Zuwa Katsina

Bai taɓa shiga mota ba. Da farko ya riƙe ƙofa gam yana ta salati. Na bi a hankali, ina kauce wa kowane rami saboda ƙafar. Bayan ɗan lokaci ya saki jiki, har ya fara nuna mini garuruwan da ya yi karatu a cikinsu yana saurayi. Da inuwa ta karkata ban jira ya ce komai ba, na tsaya kusa da wata rijiya. Tanko ya ɗura wa lagireto ruwa, muka yi alwala. Baba ya ce in shige gaba, shi zai bi daga zaune. Ban taɓa jan salla yana bayana ba sai ranar.

Da la'asar muka ga ganuwar Katsina. A ƙofar gari wani ɗan doka ya tsayar da mu, ya juya lasin ɗina sama da ƙasa, ya leƙa ya ga dattijo marar lafiya, ya ce mu wuce. Asibiti muka fara zuwa. Malamin asibiti ya kwance tsumman, ya wanke ciwon, ya ce sai an kwantar da shi, amma da yardar Allah ba za a rasa ƙafar ba. Daga nan na kai gyaɗa kanti aka ɗora a sikeli, buhu ko ɗaya bai ɓace ba. Muka sauka gidan wani fatoma, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka, na yi barci kamar an jefar da ni.

Komowa

Da sassafe aka loda mana gishiri da kananzir da bandiran yadi. Na biya asibiti sallama. Baba ya ce, "In za ka dawo ka biya gida ka taho mini da Alƙur'anina na cikin gafaka. Kada ka ba kowa, kai za ka kawo."

A Kurfi wani maƙeri ya tare ni da zancen ƙarfen da yake so daga birni. A bakin rafi kuwa, bayan mun haye lafiya, wata tsohuwa ta kira sunana ta miƙo mini ƙullin daddawa, wai in kai wa ɗiyarta da ke aure a Katsina mako mai zuwa. Ban ma san inda ta ji sunana ba.

Kafin magariba muka shiga Dutsin-Ma. Alhaji da Malam Audu na zaune kan tabarma a ƙofar gida. Alhaji ya zagaya motar ya duba, sannan ya ce, "To Ilu, akwai lodin Jos jibi. Mi ka yanke?"

Na ce, "Alhaji, a ba wani. Ni ina da saƙon mutane."

Malam Audu ya yi dariya har hularsa ta zame.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Audu da Tanko da Goggo Abu, da mutanen bakin rafin nan da suka zama 'yan'uwana tsawon shekarun da na yi ina bin hanyar. Baba ya warke kafin shukar farko, ni na mayar da shi Kurfi, ya sauko daga motar da ƙafafunsa.