Sunan da Na Ɓoye wa Kwamfuta

In faɗi gaskiya, na taɓa yin kishi da kwamfuta, da furfurata da komai.

Masinja ne ni a ofishin malaman gona a Birnin Gwari. Karatuna aji uku ne, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Amma takardar kiran taro ni ke kai ta a babur, hannu da hannu.

Sai aka kawo mana sabuwar sakatariya. Ta ce za ta haɗa ma'aikata rukuni-rukuni a cikin imel, na yankin Magajin Gari daban, na Saminaka daban. In ta danna sau ɗaya, kowa ya gani a wayarsa. Da yake ni na san wanda aka canja wa wuri da wanda ya yi ritaya, ta ce, "Baba, jawo kujera ka riƙa faɗo mini su."

Ina faɗa tana bugawa, ni kuwa ji nake kamar ana kwance mini babur ƙarfe-ƙarfe. Da muka zo kan Tsohon Birnin Gwari sai na tsallake mutum ɗaya, wani malamin gona sa'ana. Duk zuwa sai ya zaunar da ni a inuwa, a damo fura da nonon makiyayan bayan gidansa, wani lokaci har da zumar daji.

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan, 'yata."

Daga nan duk saƙon da ya fita sai in ce akwai wani can da sabis ba ya kaiwa wurinsa. Ta buga mini a takarda, in hau babur. Wata uku ina shan fura da sunan gwamnati.

Ranan aka matso da rabon irin masara daga Alhamis zuwa Talata, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni. Kowa ya ji, ban da malamin nan da na tsallake. Ya iso ranar Alhamis da manomansa cike da mota, ya tarar an gama rabo. Da ƙyar oga ya tattaro musu ragowar buhuna.

Da na warke na je na faɗa wa sakatariya komai. Kafin in gama kame-kame ta riga ta sa sunan.

Na tafi ba shi haƙuri, ba takarda a aljihuna. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka damo fura, ya jira sai da na kai ludayi baki, sannan ya ce, "Kai ma dai, tsoho da kai. Wa ya ce maka sai da takarda ake shigowa gidan nan?"