Takardata a Kwamfuta Ashirin da Biyu

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara riƙe fensir, kuma ba na jin kunyar faɗi. Ajin yaƙi da jahilci na shiga a Ƙofar 'Yandaka. Da na iya karatu aka ɗauke ni aikin shara a wata cibiyar koya wa mata sana'a kusa da Ƙofar Kaura. A lokacin, soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Kowa na cewa yanzu an samu bakin magana, amma ni na ga ƙanen mahaifina. Wasiƙa ɗaya ya rubuta, aka tafi da shi wata bakwai, ya dawo ba ya iya riƙe kofi.

Cikin shekarata ta biyu aka kawo wa cibiyar kwamfuta ashirin da uku, da malamin da zai koyar. Guda ɗaya ya fara haɗawa. Mako biyu yana zuba mata duk abin da ɗalibai za su buƙata, yana kiranta uwa, sauran na cikin kwali. In zai tafi sallar azahar sai ya ce, "Inna, zauna ki danna, ba ta cizo." Da yatsa ɗaya na koya.

Abin da na buga kuwa takardar koke ce. Shugaban cibiyar ya cire mata shida 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci daga jerin masu koyon kwamfuta, ya sa 'ya'yan manya. Na rubuta cewa ya ci amana, ba ya tsoron Allah, na sa cikakken sunana a ƙasa. Ban ma yanke shawarar aikawa ba. Na ajiye ta a fuskar kwamfutar, don nan kaɗai nake ajiye abu in same shi.

Ran Talata, ana gobe bikin buɗe ɗakin, na tarar an jera sauran a kan tebura, Malam na bin su da faifai.

"Malam, mi ake yi?"

"Uwar na juye cikin faifan nan jiya, ina ɗura wa 'ya'yan. Kowacce za ta fito sak uwarta."

"Har komai da komai?"

"Har komai, Inna. Da kin bar tsintsiyarki ciki, da yau kina da ashirin da biyu."

Ya yi dariya. Ni kuwa na tuna takardata, na dafa tebur.

Na daure har azahar. Yana fita na zauna gaban uwar, na goge takardar, na zubar da kwandon shararta kamar yadda ya koya mini. A lissafina, tunda daga uwa suka samo, in babu a wurinta babu a wurinsu. Na koma gida Kambarawa ina godiya ga Allah.

Ran Laraba da safe ina goge tagogi Malam ya bi su ya kunna. Na juyo. Fuska ashirin da biyu, kuma a kusurwa ɗaya ta kowacce ga takardata zaune. Na je na faɗa masa komai, don ba ni da sauran dabara.

Ya buɗe ɗaya ya karanta, ya cire hula ya mayar. "An riga an yaye su, Inna. Kowacce da nata. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ya kama daga bakin ƙofa, na kama daga ƙurya. Kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfutar na ta zille mini. Shi ya goge tara, ni uku, muka ji motoci a tsakar gida.

Shugaban ya riga baƙi shigowa don ya duba ɗakin. Ya zaga, ya ja kujera a layin tsakiya, wanda ba mu kai gare shi ba. Ya buɗe takardar, na ga hannunsa ya tsaya. Karatun bai fi minti biyu ba, amma a cikinsu na tuna kofin nan na ƙanen mahaifina yana kaɗawa, ruwa na zuba a rigarsa.

"Wa ya buga miki wannan?" ya ce, bai dube ni ba.

Na gane Malam yake nema ya ɗora wa laifin. "Ni na buga, ranka ya daɗe. Da wanga yatsa."

"Kin aika?"

"Ban aika ba."

"Amma kin raba wa ɗaki guda."

Ya tashi ya tari baƙinsa. Aka yi jawabi, aka yi addu'a, ina tsaye bayan ƙofa da tsumma a hannu.

Kwana biyar ba wanda ya ce mini komai, kuma su ne mafi muni. Mota in ta rage gudu a ƙofar gidanmu sai na ajiye ludayi in saurara. Na gaya wa babbar 'yata inda takardun gida suke, ban gaya mata dalili ba.

A na shida aka kira ni ofis. Ba a kore ni ba, ba a kai ni ko'ina ba. An mayar da ni sharar tsakar gida da makewayi, aka ce kada ƙafata ta sake taka ɗakin kwamfuta. Matan nan shida kuwa ba a mayar da ko ɗaya ba. Wanda ya ce muku na yi nasara, ƙarya yake.

Sai dai faifan Malam ba ya goguwa. Duk kwamfutar da ta rikice, da shi ake sake ɗura mata komai, takardata ta dawo kusurwarta. Ya kamata ya riƙa gogewa. Ban taɓa tambayarsa ko mantawa yake ba.

Bayan kusan shekara uku ina tara ganyen darbejiya, wata ɗaliba ta tsaya kaina ta gaishe ni har ƙasa.

"Inna, wai ke ce mai takardar nan?"

Na waiga na dubi tagar ofis tukuna.

"Ni ce," na ce. "Matsa, kin taka mini shara."