Simintin Roelof

Yayana Roelof magini ne, kuma duk garinmu an san haka, don ba ya barin kowa ya manta. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara ɗaukar bulo, yana da sittin da biyar gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Gidajen da ya gina sun fi ɗari, amma ba za ka ji su a bakinsa ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne, guntun ganuwar da ya rage mana a bayan coci, daga tsohuwar hasumiya zuwa bakin ruwa, taku tamanin in ka auna da ƙafa. A 1974 hukumar gari ta ba shi gyaranta. Ya kankare tsohon kwaɓin farar ƙasa da ke tsakanin bulo, wanda ya yi shekara ɗari shida yana marmashewa, ya cike gurbin da siminti. Shekara uku ya yi a kai, har an buga hotonsa a jaridar gari, ga cokalin gini a hannu.

Tun da matarsa Hendrikje ta rasu, ni ce mai kai shi ganuwar duk Asabar. Ni ce ƙanwarsa, shekarata saba'in da huɗu, kuma tura keken marasa lafiya a kan titin duwatsu ba aikin tsohuwa ba ne. Mu tsaya kasuwa mu sayi soyayyen kifi, na zuba masa kofi daga filas, sannan ya shiga farautar baƙi. Duk wanda ya jingine kekensa ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, ya shiga hannu.

"Taɓa nan," in ji shi. "Taɓa mana, ba ya cizo. Shekara hamsin ke nan, ko farce ba ya shiga."

Baƙi su taɓa, su yi murmushi, su sulale. Ni kuwa na ji wannan magana har ta ishe ni.

Abin da idonsa ya ƙi gani, nawa ya gani. Duk lokacin da sanyi ya wuce sai ka tarar da jan gari a gindin ganuwar, fuskar bulon na ɓarewa tana zubowa, layukan simintinsa kuwa na nan ƙyam, ko tsagewa babu. Bara jarida ta bayyana dalili. Tsohon bulo yana shan ruwan sama, a da ta cikin farar ƙasar ruwan ke fita. Siminti ya toshe hanya, ruwa ya kwana a ciki, sanyi ya mai da shi ƙanƙara, ta fasa bulon. Aka ce za a cire simintin gaba ɗaya. Na naɗe ɓawon dankali da jaridar na jefa a shara, na yi wata huɗu ina ce masa an rufe hanyar ana gyaran titi.

A watan Afrilu ya ce, "Jenneke, ko ki tura ni, ko in tafi da rarrafe." Na san halinsa, zai aikata.

Muka tarar an kafa ƙarafan hawa a jikin ganuwar. Wata mata mai kimanin shekara arba'in, ƙura ta rufe mata gira, tana fama da cizal da guduma. Marloes sunanta, ita ke jagorantar aikin. Roelof ya daɗe yana kallon hannunta, sannan ya ce, "Yaya aikin?"

"Aiki akwai ɗan karen wuya," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Wanda ya zuba simintin nan, in na gan shi, sai na ji dalili. Kuma abin haushin, ya iya aiki! Da ragon magini ne, da tuni ya zube da kansa mun huta. Wannan kuwa ya cusa shi har can ciki, duk inda na buga sai bulo ya biyo."

Na kama keken zan juya, ya danne birki.

"Ni ne," ya ce.

Ta sauko, fuskarta ta yi ja. "Meneer," ta ce masa, wato yallaɓai a harshenmu, "ka yi haƙuri. Ai lokacin haka kowa ke yi, haka aka koya muku."

"Ba kowa ba ne ya yi wannan. Ni ne."

Ranar bai ci kifinsa ba. Daga nan ya daina zancen Asabar, ya zauna gaban taga, sai ka ga kofi ya huce a hannunsa. Na samu hutun da na yi shekaru ina nema, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba. Tsoro nake ji kada ya tafi yana ganin shekarunsa hamsin na aiki ɓarna ce kawai.

Da ganye ya fara zuba, Marloes ta buga waya ta ce an gama, mu zo. Ganuwar ta yi haske, sabuwar farar ƙasa daga hasumiya har bakin ruwa. Sai wuri ɗaya, faɗin hannu biyu, inda aka bar simintin Roelof yadda yake. An kafa ɗan allo a gefe: Gyaran 1974. An bar shi don a ga yadda siminti ke lalata tsohon bulo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata, "Don wannan kika kira mu? Tsoho ne fa, ba ki da uba?"

"Ba ni na rubuta ba," ta ce a hankali. "Ni dai na ce a bar guntun. Na kasa buge shi."

Roelof ya sa tabarau ya karanta allon sau biyu, leɓensa na motsi.

"Babu suna," ya ce.

"An ga bai dace ba, Meneer."

"Ku sa. Roelof Brinkhuis, da s a ƙarshe. Aikina ne, ba na iska ba."

Sun sa bayan wata guda. Fitarmu ta Asabar ta dawo, ciwon bayana ma ya dawo. Makon jiya wani baƙo ya tsaya ya karanta allon, ya girgiza kai, sai Roelof ya ja masa hannun riga.

"Sunan da ka karanta, ga mai shi. Ni na ɓata ta. Amma taɓa nan ka ji."

Mutumin ya rasa inda zai sa idonsa, ya miƙa yatsa ya taɓa.

"Har yanzu farce ba ya shiga," in ji Roelof.

Na juya ina kallon ruwa, don ba na so ya ga fuskata, sannan na rufe filas na ce masa iska ta taso, mu tafi gida.